Ƙauna ta Gaskiya da Zaman "Ba Ruwana"

'Yan'uwa, salama a gare ku. Mu fara da Littafin Firistoci 19:17-18. Kowa ya haddace ƙarshen aya ta 18, inda aka umarce mu mu ƙaunaci maƙwabci kamar kanmu, amma kaɗan ne ke lura da ayar da ta gabace ta. Can aka hana mu riƙe ɗan'uwa a zuci, aka ce mu tsawata masa a fili. Ashe ke nan wanda ya ƙullaci mutum, ya yi shiru, yana gaishe shi da fara'a kowace Lahadi, bai cika umarnin ba.

Yawancin abin da muke kira zaman lafiya a ikilisiya zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba. Ba na kushe shi gaba ɗaya, ya fi faɗa, kuma yana da muhallinsa. A Romawa 14 Bulus ya yi zancen abinci da kiyaye ranaku, ya bar kowa da lamirinsa. Inda ake ɓata shi ne a kawo wannan kau da kai kan abin da ke hallaka mutum. A 1 Korintiyawa 5 wani yana zama da matar ubansa, ikilisiya ta zuba ido, har tana fahariya. Bulus ya ce baƙin ciki ya kamata su yi.

Ku dubi misalin Basamariye a Luka 10. Firist da Balawe, masu hidima a Haikali, ba su doki mutumin da 'yan fashi suka raunata suka bari kwance a hanya ba, ba su zage shi ba, ratsewa kawai suka yi. Basamariyen ya matso, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya yi jinyarsa a masauki. Kashegari ya ba mai masaukin dinari biyu, ya yi alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Dinari ɗaya ladan yini ne na ma'aikaci, kamar yadda Matiyu 20:2 ya nuna. Ga kuma Yahudawa da Samariyawa ba sa ga maciji. Lokacinsa, kuɗinsa da lafiyarsa duk ya sa a ciki.

To, idan ɗan'uwa ya yi maka laifi fa? Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa hanya. Ka je wurinsa, daga kai sai shi. A nan aka fi faɗuwa: kafin a je, an riga an gaya wa mutum biyar da sunan "a sa shi a addu'a". Da maganar ta zagayo kunnensa, sai ya koma kare mutuncinsa, ba zai ƙara saurare ba. Kafin ka tashi, ka binciki kanka, Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da mutum cikin tawali'u. Ka tafi da laifi ɗaya tak, ka faɗi abin da aka yi da lokacin da aka yi shi. Kar ka ce "kullum haka kake", wannan hukunci ne a kan halinsa, zai musa. Kuma ido da ido, ba ta saƙon waya ba, don rubutu ba ya ɗaukar taushin murya.

In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Shaidu ne, ba 'yan taya faɗa ba, saboda haka ka zaɓi waɗanda shi ma yake ganin girmansu. Ikilisiya ce mataki na ƙarshe. Amma ku kiyaye, iyayena mata musamman: inda akwai duka ko cin zarafin yaro, ba a tura wanda aka cuta ya je shi kaɗai. A fara tsare rai, a sanar da hukuma.

Saura abin da muke yawan mantawa. A 2 Korintiyawa 2:6-8, bayan an hori mai laifi, Bulus ya ce horon ya isa, a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya cinye shi. Saboda haka idan mutum ya tuba, dattawa su sanar da komowarsa a gaban waɗanda suka ji labarin faɗuwarsa, a kuma sa mutum biyu su riƙa ziyartarsa a watannin farko, domin a lokacin ne kunya ta fi hana shi zuwa sujada.