Hannu a kan garma: bin Yesu da zuciya ɗaya

'Yan'uwa, salama a gare ku. A ƙarshen sura ta 9 ta Linjilar Luka, daga aya ta 57 zuwa ta 62, Yesu yana kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, sai ya yi magana da mutum uku. Na farko ya ce zai bi shi duk inda za shi. Yesu ya gaya masa cewa yanyawa suna da ramuka, tsuntsaye suna da sheƙa, amma shi ba shi da wurin da zai sa kansa. Na biyu kuwa Yesu ne da kansa ya kira shi, sai ya roƙa a bar shi ya je ya binne mahaifinsa tukuna. Na uku ya yarda zai bi, amma sai ya je ya yi sallama da mutanen gida. A kansa ne Yesu ya ce wanda ya sa hannu ga garma yana waiwayen baya bai dace da Mulkin Allah ba.

Wanda ya taɓa huɗa da shanu ba ya bukatar dogon bayani. Hannu biyu a kan garma, ido a kan wata bishiya can ƙarshen gona, shanu suna ja. Da ka juya wuya, kafaɗa ta bi, garma ta goce, kunya ta karkace. Kuma kunyar da za ka ja bayanta ita za ta bi, haka har ƙarshen gona. Ku lura da kyau: mutumin nan bai bar gonar ba. Yana ciki, yana gumi, mai wucewa ma zai yi masa sannu da aiki. Wannan gargaɗi namu ne, mu da muke cika majami'a ranar Lahadi, muna waƙa, muna ba da baiko, amma rabin zuciya yana wani wuri.

Wani zai ce, to, sallama da iyaye laifi ne? Mu koma 1 Sarakuna sura ta 19. Annabi Iliya ya tarar da Elisha yana huɗa, shanu 24 bibiyu a gabansa, ya jefa masa alkyabbarsa. Elisha ya roƙa ya je ya sallami uwarsa da ubansa, Iliya kuwa bai hana shi ba. Amma ga irin sallamar da ya yi: ya yanka shanun da yake huɗa da su, ya hura wuta da itacen kayan huɗar, ya dafa naman, ya ba jama'a suka ci, sannan ya tashi ya bi Iliya. Bai bar wa kansa abin da zai koma wa ba idan tafiya ta yi zafi.

A ƙasarmu ma an ga irin wannan. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas, biyu daga Kanada, ɗaya daga Amurka: Walter Gowans, Rowland Bingham da Thomas Kent. Niyyarsu su kai bishara cikin ƙasar da ake kira Sudan a lokacin, wadda ta haɗa da arewacin Najeriya. A 1894 Kent ya rasu a Bida, Gowans ya rasu a Girku. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Pategi. Daga wannan aikin na ƙungiyar mishan da aka kira Sudan Interior Mission (SIM) ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Ni dai a ganina, bai kamata labarin ya tsaya a kan Turawa ba. Masu bishara 'yan ƙasa, yawancinsu manoma, su ne suka kwashi iyalansu suka zauna a ƙauyukan da ba su da dangi, suna noma da rana, suna koya wa mutane karatu da yamma. Ƙungiyar EMS, wato sashen aika masu bishara na ECWA, wadda aka fara a 1948, irin waɗannan mutane take aikawa. Yawancinsu ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

To, amma kada mu ɗauka sai mai bishara ko fasto ne ake nema wa zuciya ɗaya. A Kolosiyawa 3:23 Manzo Bulus ya ce duk abin da muke yi mu yi shi da zuciya ɗaya, kamar Ubangiji muke yi wa, ba mutane ba. Kun san da su wa yake magana a wurin? Da bayi, mutanen da aikinsu ɗiban ruwa ne da shara da niƙa, ba albashi, ba godiya. Ya ce kada su yi aikin ganin ido.

Mu shiga kasuwar hatsi ranar Litinin. Ga 'yar'uwa a Zumuntar Mata, jiya ta ɗaura zanen ƙungiya, ita ce ma ta ja waƙa. Yau tana zaune gaban kwaryar masara, mudu biyu a kusa da ita. Ɗaya cikakke, da shi take saye a hannun manomi. Ɗayan an bubbuga gindinsa ya lotsa ciki, da shi take auna wa mai saye. Kubawar Shari'a 25:13 zuwa 15 ta ambaci wannan ƙarara, ta hana ajiye mudu iri biyu a gida, babba da ƙarami. Idan ta jefar da lotsattsen, ribarta za ta ragu a kowane buhu, ga kuɗin makaranta yana jira. Wannan asara ta gaske ce, kuma Yesu bai ɓoye mana ba. A Luka sura ta 14 ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci. Haka yake ga ma'aikacin da yake sa hannu a rajista ƙarfe 8 alhali 10 ya iso, da magini mai rage siminti, da malamin da yake sayar da maki.

Akwai kuma kuskuren da masu himma suke faɗawa ciki. Mutum yana kowane taro, kowane kwanan addu'a, amma tukunya ba ta hau wuta a gidansa ba, tsohuwarsa tana ƙauye ba mai aika mata magani. A Markus sura ta 7 Yesu ya tsauta wa masu cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su kauce wa taimakon iyaye. Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya yi musun bangaskiya.

Wanda ya riga ya waiwaya fa? Bitrus ya yi alkawari ko mutuwa ce zai bi, a daren nan kuwa ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin Tekun Galili, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, kowane karo kuma ya ba shi aikin kiwon tumakinsa. Ya gaya masa irin mutuwar da take jiransa, sannan ya sake ce masa ya bi shi. Makonni kaɗan bayan haka, ranar Fentikos, Bitrus ya tsaya a Urushalima ya yi wa'azi a bainar jama'a, aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma.