Kundin Gida: Lacca Kan Adana Hotuna Da Takardun Iyali

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta malamai, iyayena mata da ke can baya, ina fata kuna ji. Idan murya ba ta kai muku ba a ɗaga hannu. To madalla.

An ce in yi magana kan yadda mutum zai haɗa kundin gidansu da hannunsa, hotuna da takardu da wasiƙu a jere wuri guda, yadda jika zai buɗe ya san kakansa. Abu biyar zan faɗa: abin da ake tarawa, takardar da ake ɗorawa a kai, yadda ake mannawa da ɗinkewa, rubutu, sai wurin ajiya. Mai riƙe da agogo ya taimake ni.

Na farko, me ake tarawa? Da an ce kundi sai hankali ya tafi kan hoton biki. Yana ciki, amma ku je ku buɗe adakar tsohuwa ku sha kallo. Katin awo, katin rigakafin yara, sakamakon jarrabawar 'yan UPE da aka ɗiba a 1976, wasiƙar ajami da wani ya aiko daga Kurmi, tsohon fasfon aikin hajji, takardar fam ɗaya ta kafin naira ta zo a 1973. Ga rasiɗin haraji da na jangali. Gwamnatin Abubakar Rimi ce ta soke su a 1979, lokacin nan duk Kano ce, Jigawa sai a 1991 aka yi ta. Wanda ke da rasiɗin nan a gida kada ya bari a ƙunshe ƙosai da shi, don akwai sunan maigida a jiki, da gari, da shekara. Har ƙyallen anko, a yanko santimita 5 a ajiye. Amma takardar cinikin gona da ta rabon gado, asalinsu ba ya shiga kundin da ake miƙa wa baƙi. Fotokwafi ake sawa, asali yana akwati.

Na biyu, takarda. Malamai ga ku nan, a cikinku akwai wanda ya gaji littafin da aka rubuta da hannu shekara ɗari da hamsin da suka wuce, kuma har yau ana buɗe shi. Ku ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana, sau da yawa za ku ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Daga Italiya ake yo ta, ta biyo fatake ta Tarabulus har Kano, kuma da tsumma ake yin ta, na auduga da makamancinsa. Jarida kuwa da niƙaƙƙen itace ake yi, akwai wani sinadari na itacen da ba a cire ba, shi ke sa ta ta yi ja ta riƙa karyewa, kuma tsamin da take fitarwa yana cin duk abin da ya jingina da ita. Saboda haka jarida da kwalin taliya mai ruwan ƙasa ba sa taɓa hoto. A nemi farin kwali mai nauyin giram 160 zuwa 200, a yanka shi girman A4. Farar takardar fotokwafi mai giram 80 ta yi laushi a ɗora mata hoto, amma tana da kyau a sa ta tsakanin shafi da shafi don kada fuskar hoto ta haɗu da fuskar hoto.

To yanzu mun zo inda nake so. Mannawa. Idan kun manta duk abin da na faɗa yau, ku riƙe wannan: kada ku yi wa hoto ko takarda abin da ba zai warwaru ba. In sake faɗa? Abin da ba za ka iya cirewa gobe ba, kada ka sa shi yau. Mafi yawan hotunan da suka lalace a gidajenmu ba gara ce ta ci su ba, mai su ne ya lalata su saboda tsabar son da yake musu.

Salatif. Wa bai taɓa liƙe yagaggiyar takarda da salatif ba? Kada ku ɗaga hannu, na san amsar. (dariya) Ranar farko fes. Bayan 'yan shekaru danƙon ya narke ya shige cikin takardar, ledar ta bushe ta faɗi, ta bar tabo ja, kuma tabon nan ba ya fita. Zafinmu na bazara yana gaggauta abin. Sufa gulu ya fi shi muni, yana sandarar da wurin ya tsage. Sholisho na masu faci, wannan kam ko kusa. Farin gam na kafintoci yana da amfani a bango, wato murfin kundi, amma ba a bayan hoto ba, don ruwan da ke cikinsa yana sa hoto ya tattare, kuma idan ya bushe ya bushe ke nan. Albam ɗin kasuwa mai shafi mai danƙo da leda a sama, shi ma wannan ciwon ne: layin danƙon yana fitowa a bayan hoto, ka zo ɓamɓarewa rabin hoton ya zauna a can. Sitefila da fil suna tsatsa da damina. Ƙyauro yana narkewa ya manne.

Sai babban, laminatin. Na san yanzu wani zai ce ai satifiket ɗinsa ya kai an yi masa leda don ya daɗe. Ɗan'uwa, injin nan zafi yake bayarwa, wajen digiri 100 ko fiye, yana narkar da gam ya shige cikin zaren takardar. Ba mai raba su har abada. Idan gefe ya buɗe, ruwa ya shiga, ba shi da hanyar fita, sai fumfuna ta yi gida a ciki kana kallo ba yadda za ka yi. Hatimin da aka danna ya taso, zafi ya shafe shi. Rasiɗin POS kuwa, ku gwada da wanda ba kwa so: yana shiga injin zai fito baƙi ƙirin, domin da zafi ake rubutu a irin takardar, ba da tawada ba. Ko ba a taɓa shi ba ma yana dusashewa da kansa, shi ya sa ake yi masa fotokwafi tun da wuri. Masu shagon laminatin ku yi haƙuri, ban hana ku ciniki ba. A yi fotokwafi, a yi wa fotokwafin leda a riƙa yawo da shi, asali ya kwanta a cikin ninkakkiyar farar takarda.

To da me za a manna? Ba a manna hoto, aljihu ake yi masa. Ga shi, ku duba nan. Ka yanko siririyar takarda, faɗi santimita ɗaya da rabi, tsawo santimita 5. Ka sa alama a tsakiyar gefen sama. Ka karyo hannun dama ƙasa daga alamar, ka karyo na hagu su haɗu. Ka juya. Kun ga ɗan aljihu mai kusurwa uku? Huɗu ake yi wa kowane hoto. Ka zura su a kusurwoyin hoton, ka shafa gam a bayan aljihun kaɗai, ka ɗora a shafi, ka danne da littafi mai nauyi. Hoton na zaune daram, gam bai taɓa shi ba, ran da kake so ka zare abinka. Wanda ya ga wannan ya yi masa yawa, ya ɗora hoton a shafi, ya sa ɗigo da fensir a kusurwa huɗu, ya ɗauke hoton, ya tsaga shafin a karkace da reza a kowace kusurwa, ya soka. Ya ɗauke hoton, na ce. Kada a yanka da hoton a wurin. (dariya)

Gam ɗin kuma a kicin yake. Iyayena mata, nan ku ne malamai. Sitacin alkama ne masu gyaran tsofaffin littattafai suke aiki da shi, domin yana riƙewa, kuma da an jiƙa shi yana saki. Ki kwaɓa fulawa da tauri, ki bar ta rabin awa, ki riƙa wanke ƙullin a cikin ruwa har ruwan ya yi fari, abin da ya rage a hannunki mai danƙo ki yar, shi ne ya fi kiran ƙwari. Ki bar ruwan ya kwanta, ki tsiyaye na sama. Abin da ya zauna a ƙasa shi ne sitaci. Cokali ɗaya na sitaci, cokali biyar na ruwa, wuta kaɗan, ana juyawa ba tsayawa minti 15 zuwa 20, har farin ya tafi ya yi sheƙi kamar kokon da ya dahu. A sauke ya huce, a tace da ƙyalle. Idan bai dahu ba, ba ya kamawa. Idan an lafta shi da yawa, shafi ya kumbura, kyankyaso ya samu abinci. Shafawa ake yi sama-sama da ɗan buroshi ko gashin kaza. Kwana biyu zuwa uku yake tsami a zafin nan, don haka kaɗan ake damawa. Wani zai ce ga ƙaro, mu da muke da shi har kasuwar Maigatari. Ƙaro yana kamawa, shi ne ma yake riƙe tawada, amma idan hunturu ya busa yana ƙeƙashewa ya tsattsage, aljihun ya ɓalle. Sitaci ya fi shi haƙuri.

Na nawa muke? Na uku? Mai agogo yana harara ta. To a gurguje.

Ɗinki: a jera shafi 20, kada a wuce, a sa siririn kwali mai faɗin santimita biyu da rabi tsakanin kowane shafi ta gefen ɗinki, in ba haka ba hotuna za su kumbura kundin ya ƙi rufuwa. A huda rami uku da basilla, a zura zaren auduga da aka goga wa kakin zuma, a ɗaure yadda zai kwantu. Bango a naɗe shi da atamfar da aka wanke aka cire mata sitaci. Ko ma a bi malamai, a bar shafuka a sake, a sa tsakanin kwali biyu, a kai wa baduku ya ɗinka gafaka.

Rubutu, wannan da shi ya kamata in fara. Hoton da ba suna, bayan mutum biyu sun rasu ya zama hoton wani mutum. A zauna da tsofaffi tun suna nan, a rubuta a ƙasan hoto a jikin shafi: wane ɗan wane, laƙabinsa, gari, shekara. Idan ba a san shekara ba a rubuta abin da aka sani, shekarar da aka canza kuɗi, ko zamanin Dagaci wane. A bayan hoto fensir mai laushi, 2B, a gefe, ba dannawa. Biro yana huda fuska yana kuma tsatsafowa.

Ajiya: akwatin ƙarfe, a ɗora a kan bulo ko maratayi, nesa da bango saboda gara, nesa da murhu saboda hayaƙi. Kafur ko busasshen ganyen darbejiya a ƙulle a ƙyalle, kada ya taɓa hoto. Kada a ƙulle kundi a leda da damina yana da laima, danshin Agusta ne ke kawo fumfuna. Hoton da aka rataye a bango rana na cinye launinsa, a wanko wani a rataye. Na'am Hajiya? A miƙa mata abin magana.

(Wata dattijuwa ta tambaya: su da ruwa ke shiga gidajensu, kamar ambaliyar 2022 da ta ci yankin Haɗeja da Ringim, idan hotuna sun riga sun jiƙe yaya za a yi?)

Hajiya, Allah ya saka da alheri, Allah ya kiyaye gaba. Abu na farko lokaci: kwana biyu kike da su kafin fumfuna ta fara. Kafin ki taɓa komai, a sa yaro ya ɗauki kowane hoto da waya, ko da a jiƙe, don idan ya lalace a hannu an tsira da kamanninsa. Hoton situdiyo irin na da, wanda aka wanke da ruwan magani, yana jure ruwa. Ki zare su daga albam tun suna jiƙe, ki ɗauraye laka a ruwa mai tsabta mai sanyi, kina riƙe da gefe, kada yatsa ya goge fuskar don ta yi laushi. Ki shimfiɗa ɗaya-ɗaya a kan zane mai tsabta, fuska sama, a inuwa inda iska ke wucewa. Ba rana, ba dutsen guga, ba kusa da wuta. Za su nannaɗe, ki ƙyale su, idan sun bushe sarai a danne da littafi su miƙe. Waɗanda suka bushe a manne da juna kada a fizge, a mayar da su ruwa su jiƙa, a riƙa gwadawa a hankali har su saki da kansu. Amma hoton da aka buga da firinta mai tawadar ruwa, wannan yana zuba, a gwada ɗigo ɗaya a gefe tukuna.

Malamai, ku kuma naku daban ne. Rubutun tawadarmu ba a sa shi a ruwa ko kaɗan, kun fi ni sanin yadda ake wanke allo. Warƙar da ta jiƙe a raba ta da 'yar'uwarta da bakin wuƙa marar kaifi, a kwantar da kowace a kan farar takarda busasshiya, a riƙa canza ta ƙasan idan ta sha ruwa, ba gogewa, ba dannawa. Kuma a shimfiɗa su a jere yadda aka ɗebo su, na farko a dama, don littafin da ba a ɗinke ba idan ya hargitse, sai an bi kalmar da marubuci ya sa a ƙasan kowace warƙa kafin a mayar da shi daidai. Akwai wata tambayar? Malam na can gefe, bismillah.