Daga Nima: Wa Zai Gaji Akufo-Addo Ranar 7 ga Disamba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina unguwar Nima a cikin Accra. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, haka wurin yake dare da rana. Tun shigowar watan Nuwamban 2024 saƙonninku daga Kano da Zariya da Maraɗi tambaya ɗaya suke maimaitawa: wa zai ci zaɓen Ghana? Wasunku ma sun riga sun yanke hukunci, wai tunda Mahamudu Bawumia Musulmi ne, ai duk Musulmin ƙasar nan bayansa za su bi. Ni dai baƙo ne, ba ni da ƙuri'a a nan, amma cikin mutanen nan nake kwana nake tashi, kuma da sidi, kuɗin Ghana, nake cefane. Don haka ba zan yi muku kwana-kwana ba. John Dramani Mahama ne zai ci, kuma ina ganin tun a zagayen farko.

Ranar Asabar 7 ga Disamba, 2024 za a yi zaɓen. Shugaba Nana Akufo-Addo na jam'iyyar NPP ya cika wa'adinsa biyu, dole ya sauka. Manyan jam'iyyun biyu kuma duk 'yan arewacin ƙasar suka tsayar. Mahama na NDC mai alamar laima ɗan ƙabilar Gonja ne daga Bole, Kirista, ya mulki ƙasar daga 2012 zuwa farkon 2017. Bawumia na NPP mai alamar giwa ɗan Mamprusi ne daga Walewale, ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2017. Doka ta ce sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'un da aka kaɗa, in ba haka ba a sake karawa cikin kwana 21. An yi hakan a 2008, inda Atta Mills na NDC ya sha da ƙyar da ratar ƙuri'a wajen 40,000.

Ku dubi rumfar nan da nake nuna muku, inda ake tura kuɗi ta waya. Kun ga baiwar Allah can da ta ciro kuɗinta a hannu tana ƙirgawa sau biyu kafin ta ƙulle a bakin zane? Tun da gwamnati ta sa harajin E-Levy a 2022, kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi, daga baya aka rage shi zuwa kashi 1, mutane da yawa suka koma riƙe takarda. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, amma har 2024 kullum ana cire shi, kullum kuma talaka yana ganin saƙon a wayarsa. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. A watan ne gwamnati ta ce ba za ta iya ci gaba da biyan yawancin bashinta na waje ba, a Mayun 2023 kuma IMF ta amince mata da rancen dala biliyan 3. Tsofaffin ma'aikata da suka zuba kuɗin fanshonsu a takardun bashin gwamnati sai da suka yi ta zaman dirshan a gaban ma'aikatar kuɗi, har da tsohuwar babbar jojin ƙasa, Sophia Akuffo, a cikinsu. Lokacin da NPP ta karɓi mulki dala ɗaya sidi 4 da ɗan wani abu ce. A 2024 ta taɓa 16.

Nan ne Bawumia ya shiga tsaka mai wuya, domin da maganar tattalin arziki ya yi suna. Tsohon mataimakin gwamnan babban bankin ƙasar ne, kuma lokacin da yake adawa shi ne mai tara jama'a yana lacca, yana cewa in tushen tattalin arziki ya yi rauni, farashin canji zai tona asiri. Yau 'yan NDC wannan bidiyon nasa suke ta yaɗawa, ba sa ƙara komai a kai. A Fabrairun 2024 ya ce shi a wannan gwamnati yaron mota ne, yanzu yake neman a ba shi sitiyari, har ya yi alkawarin soke E-Levy. Sai dai a ƙasar da kowa ke hawa tiro-tiro, wato ƙananan bas ɗin haya, kowa ya san yaron mota ne mai karɓar kuɗi a hannun fasinja. Kuma shi ne ya shugabanci kwamitin kula da tattalin arziki na gwamnatin.

Mu zo kan maganar addini, tunda ita kuka fi tambaya. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin ɗari, Kiristoci kuma sun haura kashi 70. Ko da a ce duk Musulmi sun haɗa kai, su kaɗai ba za su naɗa shugaba ba. Kuma ba su haɗa ba. Ɗazu bayan azahar na zauna da wani dattijo a ƙofar masallaci, na ce, "Baba, ga ɗanku ya fito, ba za ku mara masa baya ba?" Ya gyara zama ya ce, "Ɗana, da yaron ba mu da matsala. Gidan da ya fito ne muka sani." Ya ɗauko mini labarin 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban ɗaruruwa suka fita, Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa da sauransu, wasu a nan aka haife su, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. NPP kuwa da bakinta take cewa ita magajiyar tsofaffin 'yan siyasa Danquah da Busia da Dombo ce. Shekara 55 ke nan a 2024, amma a zango har yanzu kakanni suna ba jikoki labarin. Mu ma 'yan Najeriya a 1983 mun kori mutanen Ghana, saboda haka ba na faɗar wannan da ɗaga kai.

NPP ta yi ƙoƙarin wanke wannan tabo. Tsohon shugaban ƙasa John Kufuor ya ɗauki Musulmi, Aliu Mahama, mataimaki har shekara takwas, Akufo-Addo ya kafa asusun raya zango, gidansa ma a nan Nima yake. Duk da haka kujerar majalisar wannan mazaɓa ta Ayawaso ta Gabas a hannun NDC take. Haka Asawase a tsakiyar Kumasi, babban birnin yankin Ashanti kuma cibiyar NPP, Muntaka Mubarak na NDC ne ke riƙe da ita.

Wallahi zan so in ga ranar da Musulmi zai shugabanci Ghana, kuma Bawumia mutum ne mai natsuwa, ba ya zagi. Yana da abin nunawa: karatun sakandare kyauta tun 2017 ya sa 'ya'yan talakawa da yawa a aji, katin ɗan ƙasa ya samu karɓuwa, tura kuɗi tsakanin layukan waya daban-daban ya yiwu. Shi ma Mahama mutane ba su manta da dumsor ba, wato ɗauke wutar da ta durƙusar da teloli da masu walda a zamaninsa, har ya sha kaye a 2016 da ratar ƙuri'a kusan miliyan ɗaya. Amma a 2020 ratar ta dawo wajen rabin miliyan, majalisa ta rabu 137 da 137 da ɗan takara mai zaman kansa guda. Kuma wannan kafin a shiga tsadar da na lissafa muku ne.

Ga kuma al'adar ƙasar. Tun 1992 babu jam'iyyar da ta wuce shekara takwas a jere, shi ya sa taken NPP a 2024 shi ne karya takwas ɗin. Ƙarfinta yana yankin Ashanti, inda Akufo-Addo ya samu sama da kashi 70 a 2020. A 2024 ɗan takararta ba Ba'ashante ba ne, ko da yake ya ɗauko mataimaki daga Kumasi, Matthew Opoku Prempeh. Alan Kyerematen, tsohon ministan kasuwanci, ya fice daga jam'iyyar tun 2023 yana takarar kansa, duk ƙuri'ar da ya samu daga tukunyar NPP ya ɗebo ta. Matasa kuma suna fushi da haƙar zinare ta haramtacciyar hanya, galamsey, da ta mayar da koguna irin su Pra taɓo. Ba na zaton Ashantawa za su koma NDC. Abin da nake hange shi ne da yawansu su yi zamansu a gida.

To daren zaɓe ga inda za ku sa ido. In kuka ji Kumasi ta fito ƙwai da kwarkwata, Bawumia na iya jan abin zuwa zagaye na biyu. In kuwa layuka sun yi gajarta a can, Accra da yankin Tsakiya, mahaifar Jane Naana Opoku-Agyemang da Mahama ya ɗauka mataimakiya, suka karkata ga laima, to an gama. Ni na ba Mahama tsakanin kashi 51 zuwa 54. Mulki na Allah ne, Yana ba wanda Ya so. In Ya kai mu Asabar ɗin zan fito da asuba in nuna muku layin rumfunan zaɓe na Nima da Mamobi, da yamma kuma mu tsaya tare a wurin ƙirga. Allah Ya sa a yi lafiya a gama lafiya. Sai mun haɗu.