Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa tarihi da labarin ƙasa?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Damagaram. Wasiƙar farko ta fito daga wani dattijo a Mirya. Ya ce jikansa yana kolej, malami guda ke koya musu tarihi da labarin ƙasa, jarrabawarsu ma guda ce. Shi ne yake tambaya ko ƙarancin malamai ne ya sa aka gwamutsa darussan biyu.

Baba, mun gode, Allah ya ƙara girma. Ba ƙarancin malamai ba ne, tsari ne da muka gada daga Faransa, kuma a ganina yana cikin 'yan abubuwan gadon nan da ba su da laifi. Ga misali a ƙofar gida. Yaro zai haddace cewa a 1926 Turawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder, wato nan Damagaram, suka kai Yamai. To, don me? Sai ya san garin nan a kan duwatsu yake zaune, ruwa na wuya tun can, ita kuwa Yamai tana bakin kogin Kwara. Ga kuma Kano kusa, tana hannun Ingila. Wahalar ruwan nan dai ba sai an ba Badamagare labarinta ba.

Iyakarmu da Najeriya ma rijiya ce ta lanƙwasa ta. Layin da Faransa da Ingila suka shata a 1898 ya bar wa Faransawa hanyar da ba ruwa tsakanin kogi da Zinder. Suka yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904, aka turo iyakar kudu don su samu hanya mai rijiyoyi. Wanda bai taɓa ganin taswira ba, yaya za a yi wannan ya zauna masa?

Sai wata ɗaliba daga Magarya, ta ce me ya dame ta da tarihin ƙasashen da ba za ta taɓa zuwa ba? Haba 'yata, ai su sun zo. Zamanin Sarkin Damagaram Tanimun ayari ke tashi daga Kano, ya yada zango nan, ya bi Agadas da Gat ta ƙasar Libiya har Tarabulus, ɗauke da fatu da gashin jimina, da bayi ma, ya komo da takarda da yadi da bindigogi. Gashin jiminar nan matan Turai ke ado da shi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku ta Ikko, raƙumi ya kasa gasa, cinikin hamada ya yi ta ja da baya. Injin tururin da aka ƙera a Ingila ne ya taɓa aljihun fataken unguwar Zango ta nan Damagaram.

Inda nake ganin laifi shi ne ajin da malami zai yi ta shifta, yara na kwafa, a ƙare shekara ba a buɗe taswira ba. Wani malami daga Tanut ma ya rubuto cewa makarantarsu ba ta da ko guda. Malam, kafin a samu, alli da allo sun isa. Zana Nijar, yara su sa maƙwabtanta bakwai da hannunsu: Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Chadi. Daga nan ka sa ɗaya ya ja hanyar ayarin, ka tambaye su inda za a shayar da raƙuma.