An bar jaki ana dukan taiki: lacca kan katun na yara da labaran maƙarƙashiya

An gabatar da wannan lacca ne a taron iyaye da malamai na wata makarantar Islamiyya da ke Unguwar Rogo, a Jos, wata Asabar da hantsi. Mai laccar malami ne da ke koyar da aikin fim. Na ɗauke ta a waya, na rubuta ta yadda ya faɗa, sai dai na rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena maza da mata, malamaina, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi.

Kwana uku da suka wuce yayata ta turo mini saƙon murya na minti tara. Mai maganar yana ta rantsuwa cewa duk katun ɗin da yaranmu ke kallo an dasa alamar Dujal a ciki, cewa wata ƙungiyar asiri ce ke tsara su, a ƙarshe ya ce duk wanda bai tura wa mutum goma ba zai amsa tambaya gobe kiyama. Ta kira ni hankalinta a tashe, ta ce, "Ƙanena, kai da ka karanci abin nan, mu daina kunna talabijin ɗin ke nan?" Na san da yawanku irin wannan saƙo yana cikin wayarku yanzu haka.

Ban zo in ce tsoronku shirme ba ne. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka yi gwajin da su, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Uwar da ta san wannan tarihi, in ta yi zargin abin da aka kawo wa ɗanta daga waje, ba za ka ce mata ba ta da hankali ba.

Kuma ko a harkar katun ɗin, an taɓa ƙulla abu a ɓoye. A 1954 an fitar da katun ɗin Animal Farm a Ingila, labarin dabbobin da suka kori mai gona. Sai bayan shekaru da dama ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ta zuba kuɗin aikin ta bayan fage, domin yaƙar aƙidar Tarayyar Sobiyet, har ƙarshen labarin aka sauya ya saɓa da na littafin. Haka a watan Janairun 1999, kamfanin Disney ya janye kaset ɗin bidiyo miliyan 3.4 na wani tsohon katun ɗinsa, The Rescuers, wanda ya fito tun 1977, saboda an gano wani ya cusa hoton mace tsirara a tagar wani gini, a hotuna biyu kacal cikin fim ɗin. Waɗannan sun faru.

Amma ku lura da yadda aka san su. Na farko, waɗanda suka yi aikin sun yi magana, masu bincike sun tono takardu. Na biyu, kowa zai iya tsayar da kaset ya gani da idonsa, kamfanin ya amsa, ya yi asarar kuɗi. Akwai suna, akwai shekara, akwai shaida. Saƙon da aka turo wa yayata babu ko ɗaya daga cikin ukun nan. Rantsuwa ce kawai da barazana.

Bari mu ɗauki waɗanda suka fi yawo. An daɗe ana cewa kalmar Pokémon, sunan wani katun da wasan kati na yara, tana nufin "ni Bayahude ne" da Japananci. Ba haka ba ne. Gajarta kalmomi biyu aka yi, ma'anarsu dodannin aljihu, domin yaro yana kama su ne ya zuba a ɗan ƙwallo ya sa a aljihu. Gaskiya ne a 2001 malaman Saudiyya sun ba da fatawar hana wasan, kuma daga cikin dalilansu akwai kamanninsa da caca, yadda yara ke musayar katin wasan ana ci ana cinyewa. Wannan dalili ne da uba zai iya zama ya duba da kansa. Ƙaryar sunan kuwa ba ta ƙara wa maganar komai ba sai rauni.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, cutar da katun ɗin nan ya yi a zahiri ba ta cikin saƙonnin da ake tura mana. Ranar 16 ga Disamba 1997, an nuna wani kashi nasa a Japan wanda hasken ja da shuɗi ke walƙiya da sauri ƙwarai na 'yan sakanni. A daren nan yara 685 aka kwasa zuwa asibiti, wasu da jiri da amai, wasu da alamun farfaɗiya. Aka dakatar da shirin wata huɗu, gidajen talabijin suka kafa ƙa'idar yawan walƙiyar da aka yarda a nuna. Ba tsafi aka samu ba, ganganci ne na masu aiki, likitoci kuma suka bayyana dalilin. Wanda yake da yaro mai farfaɗiya a gida, wannan labarin ya fi masa amfani fiye da saƙon murya ɗari.

Sai maganar tambarin Coca-Cola, wai in ka haska shi a madubi zai ba ka "babu Muhammadu, babu Makka" da Larabci. Mu ma muna yara mun ɗauki kwalba mun je gaban madubi. An zana rubutun nan ne a Amurka tun shekarun 1880, da salon rubutun hannu da 'yan kasuwar lokacin ke yi. A shekarar 2000 maganar ta yi zafi a Masar har aka kai ta gaban Muftin ƙasar, Sheikh Nasr Farid Wasil, aka duba, ya ce babu wannan magana a ciki. Malami ne ya wanke ta, ba ɗan kamfani ba, amma har yau tana yawo a wayoyinmu.

Na san matasan da ke bayan can jira suke in zo kan The Simpsons, wanda ake cewa ya san gaibu. Da farko, wannan ba katun ɗin yara ba ne, na manya ne, kada ku bar wa yara shi. Gaskiya ne a wani kashi na shekarar 2000 an ambaci Trump a matsayin shugaban ƙasa. To amma a daidai wannan lokaci Trump ɗin ya riga ya fito yana neman takara a wata ƙaramar jam'iyya, jaridu suna ta bugawa, marubutan suka ɗauka suka yi barkwanci da shi. Hoton nan kuma da ake haɗawa, na saukowarsa a kan matakala mai tafiya da kanta, wanda ake cewa an zana shi shekara 15 kafin ya faru, an zana shi ne a 2015, bayan abin ya faru. Shiri ne da aka fara tun 1989, ya haura kashi 700. Wanda ya yi shekara talatin yana harba kibiya ko'ina, dole wata ta sami tsuntsu, kuma ba mai zuwa ya ƙirga waɗanda suka faɗi a ƙasa. Gaibu na Allah ne shi kaɗai. Ina jin ciwo in ga Musulmi ya yarda cewa wasu marubutan barkwanci sun san abin da zai faru gobe, yana kuma ganin wai faɗakarwa yake yi.

A nan zan ɗan tsaya in yi muku bayanin sana'ata, domin ita ce za ta nuna muku inda ido ke yaudarar mutum. Abin da kuke gani yana motsi a fim ba motsi ba ne, hotuna ne tsayayyu ake jerawa, 24 a kowane sakan. Fim na awa ɗaya da rabi yana da hoto wajen dubu 130. Ka ba mutum hoto dubu 130, ka ce masa ya nemo ido ɗaya, ko kusurwa uku, ko lamba shida, wallahi zai samo. Ko a labulen masallacin unguwarku zai samo. Wanda ya taɓa kwanciya yana kallon gajimare ya san haka, yanzu ka ga raƙumi, an jima ka ga tsoho da rawani. Sannan in aka riga aka faɗa maka abin da za ka gani, aka zagaye shi da jan layi, aka sa kiɗa mai ban tsoro, idonka ba zai ƙara ganin wani abu ba sai shi. Masu haɗa bidiyon nan sun san haka, kuma ana biyan da yawansu gwargwadon yawan masu kallo. Tsoronki, Hajiya, shi ne jarinsu.

Ita kanta Illuminati da ake jingina wa komai, ƙungiya ce da wani malamin jami'a, Adam Weishaupt, ya kafa a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1776, hukuma ta haramta ta kafin ta cika shekara goma. Sunan ne ya rage, mawaƙa suna wasa da alamominsa domin a yi ta maganarsu.

Wani zai ce, Malam, in ma ƙarya ce ai ba ta cutar da kowa ba, taka-tsantsan ne. Mu mutanen Jos bai kamata mu faɗi haka ba. Ku tuna watan Agustan 2014, daren da aka yi ta buga waya ana tashin mutane wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola. Jaridu sun ruwaito rasuwar mutum biyu a jihar nan, wasu kuma aka kwantar a asibiti. Ku tuna 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin an sa maganin hana haihuwa. Kusan shekara guda ana tirka-tirka, cutar ta bazu har ƙasashen waje, sai a 2020 aka tabbatar mun rabu da ita, kuma yaran da ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu, sun girma. Ba sai na tuna muku abin da "an ce an ce" ya jawo mana a garin nan a 2001 da 2008 ba. Kunnen da ya saba karɓar magana ba hujja a kan katun, shi ne zai karɓe ta gobe a kan maƙwabci. Allah Ya ce a Suratul Hujurat in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

To ina jakin yake? Yana tsakar gida, ba a ɓoye yake ba.

Katun kasuwa ce. He-Man da wasunmu suka kalla suna yara, wanda ya fito a 1983, kamfanin kayan wasa na Mattel ya riga ya ƙera 'yan tsanansa, aka yi shirin domin a sayar da su. Har yau haka ake yi. Jakar makaranta da robar ruwa da takalmin da yaronki ke birgima a kasuwar Taminus sai an saya masa, daga can aka shuka masa son su.

Sai wayar da muke miƙa wa yaro don ya yi shiru. A 2017 aka gano dubban bidiyoyi a YouTube da aka haɗa da fuskokin katun ɗin da yara suka sani, amma cikinsu bugu ne da allura da batsa. Kamfanin da kansa ya ce ya goge sama da dubu 150. A 2019 hukumomin Amurka suka ci tararsa dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba. Wanda ke zaɓa wa ɗanka bidiyo na gaba ba malami ba ne, ba kakarsa ba ce, na'ura ce da aka gina a kan kada ya ajiye wayar.

Maganar tarbiyya ma a fili take. Fim ɗin Lightyear na 2022 yana da wurin da mata biyu ma'auratan juna suka yi sumba. Tun kafin ya fito jaridu suka buga, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe suka ƙi nuna shi. Ba a buƙatar madubi kafin a gano wannan, minti biyu na karatu ya isa uba ya yanke hukuncin gidansa. Ga kuma abin da ya fi damuna: yaro ɗan shekara huɗu a Rikkos ya san sunan kowane kare a katun, bai taɓa jin Gizo da Ƙoƙi ba, kakarsa ta yi masa Hausa ya amsa da Turanci. Garin nan ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, nan Kwalejin Talabijin ta NTA take. A Abuja, Adamu Waziri ya ƙirƙiro katun ɗin Bino and Fino da yara baƙaƙe masu suturarmu. Abin yana yiwuwa. Kuɗin data da muke ƙonawa wajen tura saƙon tsoro, da masu hali cikinmu sun ɗauki nauyin matasa biyar su koyi zanen nan, da yanzu wata maganar muke yi.

Bayan ya kammala, wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni jikoki huɗu nake riƙo, ban iya karatun boko ba, ban jin Turanci. Yaya zan gane mai kyau da marar kyau?"

Ya ce: Mama, Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya su. Idonki ya isa. Talabijin ya zauna a falo inda kike, kada waya ta shiga ɗaki da yaro shi kaɗai. Ki zauna da su ko na minti goma, ki ce su fassara miki abin da ake cewa, a nan za ki ji abin da ke shiga kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu a nisanta shi da kallon nan, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. In an idar da sallar isha'i a kashe, ki yi musu tatsuniya. In kuma aka turo miki saƙon da ya tayar miki da hankali, kafin ki ce a tura wa kowa, ki aiko babban jikanki da wayar nan makaranta, ni ko ɗaya daga cikin malaman nan mu duba miki.