Kun tsinci ɗan mage? Ku dakata da madarar nan tukuna

Assalamu alaikum jama'a. Tunda sanyin hunturun nan ya shigo Kaduna bidiyo iri ɗaya nake ta gani yana yawo a Facebook da TikTok, wani ya tsinci jaririn mage a bakin kwata a Tudun Wada ko bayan shago a Kasuwar Bacci, tausayi ya kama shi, ya fasa gwangwanin madara, ya kwantar da shi rigingine yana ɗura masa da cokali. Kwana biyu sai a dawo a ce Allah ya yi masa rasuwa, kuma kowa na tambaya wai me ya faru alhali an ba shi abinci. Toh niyyar mai kyau ce wallahi, Allah ya ba da lada, amma a wajen ciyarwar nan ake rasa yawancinsu.

Kafin nan dai a gurguje. In kun ga 'ya'yan mage a kwance tare, jikinsu tsaf, cikinsu a cike, suna barci, kada ku kwashe su, uwar ta fita neman abinci ne. Ku yayyafa toka kewaye da wajen, ku ja da baya na wasu awanni, in kun dawo kun ga sawunta shikenan tana nan. Wanda ake ɗauka shi ne wanda yake ta kuka ba ƙaƙƙautawa, ya jiƙe, ko tururuwa ta fara hawansa, ko an tabbatar uwar ta mutu.

Yawwa, yanzu ga shi a hannunku. Abu na farko ɗumi ne, abinci sai daga baya. Ku taɓa kunnensa, ku taɓa tafin ƙafarsa, ku sa ɗan yatsa a bakinsa. In kun ji sanyi, ko ɗigo ɗaya kada ya shiga cikinsa. Jaririn mage baya iya ɗumama jikinsa da kansa sai ya kai wajen sati huɗu, a jikin uwa da 'yan uwansa yake samun zafi, kuma in jikin ya yi sanyi hanjinsa tsayawa yake yi, madarar da kuka ba shi zata zauna ne a ciki bata narke ba, ta kumbura shi, ko ya yi amanta ta koma huhu. Shi ya sa za ku ga an ciyar da shi da daddare, da asuba an tarar babu rai.

Ga yadda wata 'yar'uwa ta yi. Ta sa shi cikin tsumma ta manna shi a ƙirjinta cikin riga, wannan ma ya isa farawa. Sai robar ruwa da aka cika da ruwan zafi, a naɗe ta da tawul, a ajiye a gefe ɗaya na kwali, ɗaya gefen a bar shi haka don in zafi ya yi masa yawa ya rarrafa ya matsa. A hankali ake yi, rabin awa ko awa guda. Don Allah banda kusa da kurfoti ko murhu, ga hayaƙi ga ƙuna. In ya yi laushi sosai baya ko ɗaga kai, a shafa masa ɗan ruwan sikari a dasashi da yatsa, shafawa kawai, sannan a nemi likitan dabbobi.

Sai ya yi ɗumi ya fara motsi yana laluben nono, sannan a zo maganar madara. Madarar shanu, ta gwangwani ce ko ta gari ko nonon da aka sayo wajen Fulani, bata dace da cikinsa ba. Sikarin da ke cikinta yana sa shi gudawa, kuma halittar da nauyinta kaman giram 100 ne kawai ranar haihuwa, gudawar yini ɗaya ta isa ta ƙarar da ruwan jikinta. Akwai madarar gari da aka yi musamman don 'ya'yan mage, a shagon magungunan dabbobi ake tambaya. Ni a ganina ma in akwai wata mage mai shayarwa a unguwa, a gwada sa mata shi a hankali ana kallo, sau da yawa suna karɓa, kuma babu madarar kanti da ta kai wannan.

Yanzu ga yadda ake ba shi madarar. Cikinsa na ƙasa, ƙafafu huɗu a kan tawul, kai a ɗan ɗage, yadda yake kwanciya in yana shan nonon uwarsa. Ba'a kwantar da shi rigingine. Sirinji ne an cire allurar, ɗigo ɗigo a gefen baki, shi zai haɗiye da kansa, kada ku matsa da ƙarfi. Madarar ta zama mai ɗumi, ku ɗiga a bayan hannunku ku ji. Cikinsa baya ɗaukan fiye da kaman mililita 4 (ml 4 a ma'aunin sirinji) a kowane giram 100 na nauyinsa a zama ɗaya. In kun ga madara na fitowa ta hanci ku tsaya nan take. Haka za'a yi duk bayan awa biyu zuwa uku, har cikin dare, eh har ƙarfe uku na dare, shi ya sa masu riƙon nan suke raba kwana tsakaninsu. Za ku ga kunnuwan suna rawa in yana sha, Allah mai iko.

Bayan ya ƙoshi a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a goga masa ƙasan wutsiya a hankali, don baya iya fitsari ko kashi da kansa sai wajen sati uku, uwa ce ke lasarsa. In da ƙaramin sikeli a riƙa auna shi kullum, ya kamata ya riƙa ƙara kaman giram 10 a rana.

Sauran a taƙaice. Kada a ba mage farasitamol ko kaɗan, guba ne a gare ta. Kada a fesa masa maganin sauro ko fiya-fiya don ƙuma, a tsefe su da mataji. Sati huɗu zuwa biyar ya fara lasar abinci mai laushi, sati takwas a kai shi likita don maganin tsutsa da rigakafi, allurar rigakafin ciwon haukan kare kuma daga wata uku, sannan a nema masa gidan da za'a riƙe shi da amana. Mutanen Zariya kuna da asibitin koyarwa na dabbobi a ABU. In babbar mage ta cije ku ko ta yakushe ku wajen ceto, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ranar, kada a ce sai gobe.