Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Babban Birnin Tarayya a Ziyararsa ta Bakin Tafkin Jabi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Ministan Babban Birnin Tarayya, manyan jami'an da suka rufa masa baya, iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, dattawan Gbagyi masu masaukinmu, malamanmu, iyayenmu mata da sauran jama'a, barkanmu da wannan rana.

A madadin kwamitin masu neman abinci a bakin wannan tafki, wato masu kwale-kwale, masunta, masu dawakin haya, masu ɗaukar hoto, masu tsire da mata masu sayar da abinci, ina yi wa Mai Girma Minista lale marhabin. Ayyukanku sun fi ƙarfin bakinmu, kuma duk wanda ya biyo titunan birnin nan ya iso wurin nan yau ya riga ya gan su da idonsa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, ga shi kun ajiye tarin aikin da ke gabanku kun tako da kanku. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma da ɗaukaka.

Ranka ya daɗe, an saba a ajiye koke sai ƙarshen jawabi, amma kwamiti ya umarce ni da in fara da shi, don kada lokaci ya ƙure ba a ji ba. Muna roƙon a ba tafkin nan jirgin ceto mai inji wanda zai riƙa kwana a kan ruwa, da horarrun masu ninkaya da za su riƙa zama a bakin gaɓa tun daga safe har faɗuwar rana, da rigunan kariya daga nutsewa, na manya da na yara. Wannan ita ce buƙatar da ta tara mu, sauran duk biye suke.

Wannan ruwa da kuke kallo ya riga yawancin gine-ginen Abuja zuwa duniya. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas a dawo da shi tsakiyar Nijeriya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, kwana 10 kacal kafin Allah ya karɓi ran Janar Murtala. Ƙasar da aka zaɓa kuwa gonaki ne da ƙauyuka, kuma wannan sashe na Gbagyi ne, waɗanda suka haƙura da gonakinsu da kushewun kakanninsu domin ƙasa ta samu sabon birni. To, birni ba ya ginuwa sai da ruwa. Shi ya sa a farkon shekarun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka datse rafi a nan Jabi aka yi madatsar da ta fara shayar da sabon birnin, tun kafin a kammala babbar madatsar Usuma da ke wajen Ushafa. Lebura da injiniya da ma'aikacin gwamnatin da aka fara turowa, duk ruwan Jabi suka sha. Saboda haka ranar 12 ga Disamba, 1991, lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja da kujerar mulki, Jabi ta riga ta gama nata aikin na uwa mai shayarwa.

Abin da ke mana ciwo, ranka ya daɗe, shi ne yadda aka yi da ita bayan an yaye yaron. Da ruwan Usuma ya wadata, sai aka juya wa Jabi baya, ciyawa ta rufe gaɓa, wurin ya zama sai masunta da masu wanki. Mun ji, kuma mun taya murna, da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe lambun Millennium da ke Maitama a shekarar 2003, amma a nan talakawa ne suka fara share wuri da hannunsu, suka kafa rumfa, suka jawo mutane da ƙamshin tsire da gasasshen kifi. Mu kainuwa ne, dashen Allah. Ko da aka buɗe katafaren kantin Jabi Lake Mall a shekarar 2015, wanda ya ƙara wa unguwar kwarjini, muna nan ya zo ya tarar da mu.

Yau kuwa duk Abuja babu inda ya kai nan tara jama'a iri-iri a bakin ruwa. Waɗanda aka taso daga Legas sun baro teku a can, a nan suka samu abin da ya rage musu kewa. Da asubahin ranar Asabar, kafin rana ta ɗaga, za ku tarar da filin da ke gefen titin Alex Ekwueme cike da masu motsa jiki, babban darakta da ɗan acaɓa suna gudu a layi ɗaya, ba mai tambayar wani muƙaminsa. Da hantsi masu dawaki za su fito da dawakinsu an yi musu ado, a ɗora yaro a kan sirdi yana kuka, a zagaya da shi sau ɗaya, a dawo yana kukan kada a sauke shi. Akwai inuwar itatuwa da ciyawar da iyali ke shimfiɗa tabarma, akwai kwale-kwale na tuƙin hannu da jirage masu inji, amare da angwaye kuma suna zuwa ɗaukar hoto da yamma idan rana ta yi ja a kan ruwa. Ranar Sallah da Kirsimeti kuwa, mutanen Utako, Kado, Gwarinpa, har da na Kubwa da Nyanya, nan suke kwararowa, ko wurin sa ƙafa sai an nema.

Wannan cikar ce take hana mu barci. Ruwan madatsa yana da yaudara: a gaɓa yaro zai ga bai wuce gwiwarsa ba, ya ƙara taku kaɗan ƙasa ta ɓace masa, ga laka a ƙasa mai riƙe ƙafa. A farkon damina kuma, wajen Afrilu da Mayu, iska takan taso ba sallama, ruwan da yake kwance ya hau tangaɗi da kwale-kwale cike da mata da yara. Ni da ke karanta wannan jawabi ina tsaye a nan wata ranar yawon Sallah lokacin da wani yaro, sanye da sabuwar shaddarsa, ya zame daga gaɓa garin ɗauko ƙwallonsa. Mutane sun cika wurin, amma ihu kawai ake yi, domin babu wanda ya iya ruwa a kusa. Wani dattijo masunci ne ya jefar da komarsa ya tuƙo daga can tsakiya da filafili ɗaya, ya cafko shi ta wuyan riga. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Mahaifiyarsa ta zauna a ƙasa riƙe da takalminsa ƙafa ɗaya, ta kasa ko yin godiya. Dattijon nan ƙarfinsa ya fara ja baya, kuma ba kullum yake kan ruwa ba. Mun kai takarda ofisoshi fiye da ɗaya a kan wannan magana, an karɓa, an buga hatimi, an ce mu je za a neme mu, har yau muna jira.

Akwai wasu ƙananan buƙatu da za mu ambata a gurguje. Banɗakunan da ke akwai ba sa isar jama'a a ranakun biki, mata ne kuma suka fi shan wahala. Muna son ƙarin fitilu masu aiki da hasken rana, domin da magariba ta yi wasu sassan sukan yi duhu ƙirin. Da ruwan sama ya sauka, magudanai sukan kwaso leda da robobi daga unguwanni su juye mana a tafki, har masunci ya ja koma ya tarar shara ta fi kifi yawa. Sannan idan an tashi gyara wurin, muna roƙon a bar wa talaka ƙofar shiga da kuɗin da aljihunsa zai iya, a kuma tuna da mu da muka raya shi.

Amma idan aka ce mu zaɓi ɗaya, ranka ya daɗe, jirgin ceto muka zaɓa, da masu ninkaya, da rigunan kariya. Mun san gidan Minista na gwamnati yana nan Life Camp, tafiyar 'yan mintoci daga inda muke tsaye, don haka maƙwabci muke kai wa kuka. A cikinmu akwai matasa 'ya'yan masunta da suka tashi a cikin ruwa, a shirye suke a horar da su a ɗauke su wannan aiki, kuma sunayensu na cikin takardar da shugaban kwamitinmu zai miƙa muku yanzu. Muna fata kafin wata Sallah ta zagayo mu ga jirgin nan ɗaure a wannan gaɓa.

Allah ya ja zamanin Mai Girma Minista, ya mayar da ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakatare, a madadin kwamitin masu sana'a na bakin Tafkin Jabi, Abuja.